Asusun ranar mutuwa

Ɗan'uwa mai karatu, ka san adashe. To, a Amurka akwai wani ƙaramin gari, Roslyn, inda maza suka yi abu mai kama da shi, amma don ranar ciwo da ranar mutuwa.

An kafa garin a 1886 saboda haƙar gawayin ƙasa, irin na Anu Araran. Yawancin ma'aikatan baƙi ne daga ƙasashe barkatai, ba dangi kusa. In rami ya rufta da mutum, wa zai bizne shi? Wa zai ci da marayu?

Shi ya sa suka shiga ƙungiyoyin ƴan'uwantaka, kamar Odd Fellows. Kowa yana zubi cikin asusu. In ka kwanta ciwo a taimake ka, in ka mutu a yi maka sutura. Ba tsoron banza ba ne: a 1892 wani rami ya fashe, mutum 45 suka mutu rana guda.

An rufe ramin ƙarshe a 1963, mutane suka watse, masu zubi suka ragu. Amma makabartun ƙungiyoyi da na ƙabilu, fiye da 20, suna nan jere a bakin gari.