Tsakanin Tsinke Da Ƙara: Yadda Za Mu Kare Jinmu

Shirinmu na yau a kan kunne ne.

Mu fara da tsinke. An fito wanka, sai a ɗauki tsinken ashana, ko gashin kaza, ko mai auduga a kai, a zura ana juyawa, ido a lumshe don daɗi. Jama'a, daudar kunne ba ƙazanta ba ce. Jiki ne ke yin ta don ta tare ƙura da ƙwari, kuma da kanta take gangarowa waje yayin da muke tauna da magana. Tsinke kuwa cusa ta yake yi ta dunƙule ta toshe hanya. In aka yi rashin sa'a yaro ya bangaji hannu, sai dodon kunne ya huje. Goge bakin kunne da tsumma mai tsabta ya wadatar. Haka ma mari, tafi ɗaya a kan kunne yana iya fasa dodon. Iyaye da malamai, don Allah a kiyaye.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙara, domin ita ɓarnarta ba ta zuwa da ciwo. Can cikin kunne akwai wani lungu mai siffar dodon koɗi. A cikinsa akwai dubban 'yan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ke mayar da sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su kaɗan-kaɗan, wanda ya mutu kuma ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai desibel 90, awa 4 kacal ke nan. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗari saboda yadda suke ƙure sauti.

To ku dubi mai injin markaɗe, tun asuba har magariba kansa na dab da injin. Ku dubi uwa a gidan biki, goye da jariri, an ba ta kujera a gindin lasifika. Ba sai da na'urar awo ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. In ka koma gida kunnenka na ƙugi, gargaɗi ne. Mai aiki da inji ya nemi abin toshe kunne na roba, ba shi da tsada. A matsar da janareta nesa da taga. Mai iyafis kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin wayarsa, ya riƙa cirewa yana hutar da kunne, kuma kada ya kwana da shi.

Sai yara. Kusan kashi 60 cikin 100 na kurumcewar yara abu ne da za a iya hanawa, in ji hukumar. Ƙyanda da sanƙarau suna tafiya da jin yaro, saboda haka a kai su rigakafi. Kunnen da ke zubar da mugunya ba a ɗiga masa manja ko ruwan ganye, asibiti ake kai shi. Allurai irin su jentamaisin suna iya kurumtar da mutum, kada a yi su a kemis ba da umarnin likita ba.

Uwa, in ƙofa ta bugu jaririnki bai firgita ba, ko ya shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, kada ki jira a ce zai yi da kansa. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti mafi kusa. Masu saurarenmu na Kaduna da kewaye kuma, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana nan cikin garinku, kuma ana gwajin ji a can.