Wa Za A Fara Ceta? Fifita Majinyata Lokacin Bala'i a Mahangar Shari'a

A watan Satumba na shekarar 2010, ambaliyar Gulbin Rima ta shafe ƙauyuka a yankin Goronyo, ta kuma karya gadar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A shekarar 2017 kuma annobar sanƙarau ta afka wa jihohin Zamfara da Sakkwato. A irin wannan hali majinyata kan fi ƙarfin ma'aikata da magani, dole sai an gabatar da wani an jinkirta wani.

Likitoci suna da ƙa'idar tantance majinyata, wadda ake danganta asalinta ga Dominique Larrey, likitan sojan Napoleon na Faransa, wanda ya riƙa duba tsananin rauni maimakon muƙamin mai rauni. Tsarin START da aka ƙirƙira a Amurka a 1983 ya kasa su gida huɗu: ja ga mai buƙatar taimako nan take, rawaya ga wanda zai iya jira, kore ga mai iya tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya rasu ko ba a tsammanin rayuwarsa. Ana auna numfashi, da gudanar jini, da iya bin umarni.

Shari'a tana da ginshiƙan wannan hukunci. Kiyaye rai na cikin larurori biyar da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka bayyana, kuma ceto farilla ce ta kifaya. Shaihu Halil, a cikin Muhtasar, ya ɗora lamuni a kan wanda ya iya kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka amma ya ƙi. Idan cuta biyu suka haɗu, ana ɗaukar mafi sauƙi domin kauce wa mafi girma. Saboda haka jinkirta mai karaya domin tsayar da jinin wanda ke gab da mutuwa adalci ne. Gabatar da wani don sarauta, dukiya, dangantaka ko addini kuwa cin amana ne. In buƙatu suka yi daidai ta kowace fuska, Ƙarafi ya nuna a cikin Furuƙ cewa ƙuri'a na kawar da zargi. Wanda aka yanke ƙauna a kansa ma yana da haƙƙin a suturta shi, a sassauta masa zafi, a laƙƙana masa kalmar shahada idan Musulmi ne. Haka nan larura na halatta namiji ya ceci mace, gwargwadon buƙata.

Wannan ilimi ba a koyon sa ranar bala'i. A unguwanni masu cunkoso irin Ƙofar Atiku, maƙwabta da 'yan agajin masallatai kan riga motar asibiti isa wurin. Ya kamata a horar da su tare da hukumar NEMA da ƙungiyar Red Cross ta hanyar gwaji a aikace, malamai kuma su karantar da su hukuncin. Hemar da Rufaida Al'aslamiyya ta kafa a masallacin Madina, inda aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ, hujja ce cewa masallaci ya cancanci ɗaukar wannan nauyi.

Ma'aikacin da ya bi ƙa'ida da ilimi da kyakkyawar niyya, sannan wani ya rasu, babu zunubi a kansa. Sanar da shi hakan wajibi ne a kan malamai, domin kada nadama ta hana shi fita ceto gobe. Allah ne mafi sani.