Tuwon Dare da Ƙarancin Jini: Abin da Ake Ci da Abin da Ake Sha a Kansa

A garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan, da zarar an ce jinin mai ciki ko mai jego ya yi ƙasa, abin da dangi ke fara sayowa shi ne lemon malt da gwangwanin madara, wasu kuma su dafa zoɓo mai kauri, bisa imanin cewa jan launinsa alama ce ta jini. Damuwar tasu tana da tushe, domin binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara 5, suna fama da ƙarancin jini. Sai dai maganin da aka zaɓa bai kai ga saiwar cutar ba. Malt galibinsa sukari ne, madara ba ta da sinadarin ƙarfe na a zo a gani, kuma kalsiyam da ke cikinta yana rage wanda hanji zai tsotsa, shi kuwa jan zoɓo rini ne na tsiro wanda bai haɗa komai da jini ba.

Abin da jiki ke bukata shi ne sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina haimogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai kai iskar numfashi ga sassan jiki. Wannan sinadari iri biyu ne a abinci. Na nama da hanta da kifi yana shiga jiki cikin sauƙi, har hanji kan tsotsi kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa, amma na hatsi da wake da ganye yana da wuyar sha'ani, domin dawa da gero da masara suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet, wanda ke kama ƙarfen ya riƙe shi har ya fita da bayan gida. Lamarin ya yi kama da hatsin da ke cikin rumbun da aka liƙe bakinsa da laka, yana nan a gidan, amma ba ya shiga tukunya. Saboda haka mutum yana iya cin tuwo ya ƙoshi kowane dare, jininsa kuma yana ta raguwa.

Abubuwa biyu ne ke kwance wannan riƙo, kuma duka ana samun su a yankin. Na farko shi ne bitamin C, wanda ke mayar da ƙarfen tsiro zuwa yanayin da hanji zai iya karɓarsa, yana kuma cikin ɗanyen tumatir da tattasai da lemon tsami da gwaiba, sai dai doguwar dahuwa tana lalata shi, shanya a rana ma haka, don haka miyar da ta daɗe tana tafasa da busasshen tumatir ba ta wadatar ba. Kwaɗon zogale ko na rama, wanda aka yanka wa ɗanyen tumatir da albasa aka zuba ƙuliƙuli, ya fi amfani a gefen tuwo. Na biyu shi ne nama, ko da 'yan yanka kaɗan ne a cikin miya, domin bayan nasa ƙarfen yana taimaka wa na ganye da wake su shiga jiki. Ban da waɗannan biyun, jiƙa gero har ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, shi ma yana rage faitet.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen abin sha. Shayi yana ɗauke da tanin, sinadarin da ke ba shi bauri, kuma tun a shekarar 1975 masu bincike a Afirka ta Kudu suka nuna cewa shan sa tare da abinci yana rage ƙarfen da ake tsotsa ƙwarai da gaske. Wanda ya ci kwaɗo da tsokar nama, sannan ya kora da shayi mai kauri haɗe da madara, ya warware rabin aikin da aka yi a madafi. Ba a ce a daina shayi ba, a dai jinkirta shi awa ɗaya ko biyu, a sha ruwa ko lemon tsami a kan abincin, kuma kada a haɗiyi ƙwayar ƙarin jini ta awon ciki da shi.

Abin takaici ne a ce a yankin da tumatir ke ruɓewa a lokacin kakarsa, wanda aka kafa wa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun 1981, wannan bayani mai sauƙi bai kai ga matan da ke girki ba. Dokar ƙara sinadarai a fulawa, wadda ta fara aiki a 2002, ba ta shafi garin da ake kaiwa injin niƙa na unguwa ba, alhali shi ne abincin mafi yawan gidaje, don haka nauyin ya koma kan ma'aikatan awo, waɗanda ya kamata su riƙa faɗin wannan kamar yadda suke raba ƙwayoyi. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila da zubar jini wajen haihuwa su ma suna rage jini, kuma waɗannan gwaji da magani a asibiti suke bukata, abinci kaɗai ba ya kawar da su.