Talabijin Mai Araha Ko Mai Tsada: Ka Karanta Kafin Ka Zaro Kuɗinka

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan lantarki a Sabon Gari ko titin Beirut a Kano, ko ya kutsa kasuwar Alaba ta Legas, ya san yadda ake jera talabijin a bango, kowace tana ta haska furanni da tsuntsaye da ruwa mai kwarara daga kan dutse. Ga guda biyu kusa da juna, kowace inci 55, kowace an rubuta mata 4K a kwali, amma kuɗin ɗaya zai sayi uku ko huɗu irin ɗayar. Yaron shago zai ce maka, "Alhaji, wannan ai ita ce ta manya, dubi kalarta." In kuma ya lura aljihunka ba nauyi, sai ya sauya baki: "Yallaɓai, duk abu ɗaya ne, suna kawai ake saya." Kowace magana da gaskiyarta, amma rabi-rabi ce, kuma rabin da ba a faɗa ba shi ke cinye kuɗin mutane.

Da farko, hoton nan na furanni ba shi za ka kalla a gida ba. Bidiyo ne da kamfani ya shirya musamman, an saka shi a filas, an kuma ƙure hasken talabijin ɗin don ta yi fice a cikin fitilun shago. Kai kuwa labarai za ka kalla, da wasan Hausa, da tafsirin azumi, da ƙwallon ƙarshen mako. Don haka tun a shagon ka ce a jona maka dikoda, a kamo maka Arewa24 ko NTA, ka ga yadda fuskar mutum take fita. Mai shagon da ya ƙi yin wannan, akwai dalili.

Yawancin abin da ke kasuwa yau, mai araha da mai matsakaicin kuɗi, gini ɗaya gare su: gilashin LCD da jerin ƙananan fitilun LED a bayansa suna haska shi. QLED ma haka take, an dai ƙara mata wani shimfiɗi da ke gyara launi. Wadda ta fita daban ita ce OLED, wadda LG ya fara fitar da mai inci 55 a 2013. Ita ba ta da fitila a baya, kowane ɗigon hoto da kansa yake kunnuwa ya kuma mutu, shi ya sa baƙinta yake baƙi ƙirin. Gilasan LCD kuwa kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera su, galibi a ƙasar Sin, irin su BOE da CSOT. Reshen Samsung mai ƙera gilashi ya daina yin na LCD tun 2022, yanzu saye kamfanin yake yi daga wasu. Ka ga ke nan yaron shagon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba da ya ce abu ɗaya ne.

Inda ya kauce shi ne, gilashi ba shi kaɗai ne talabijin ba. Ƙarin kuɗin yana sayen abubuwa na zahiri. Yana sayen haske mai ƙarfi da ba ya dusashewa in rana ta shigo falo. Yana sayen fitilun baya masu rage haske a inda hoto yake da duhu, maimakon dare ya riƙa fitowa toka-toka. Yana sayen saurin sauya hoto sau 100 ko 120 a daƙiƙa maimakon 50 ko 60, wanda shi ke hana ƙwallo yin jela in an buga ta da ƙarfi. Yana kuma sayen ƙwaƙwalwa mai kyau da ke gyara hoto mai rauni kafin ta baza shi a babban gilashi. A wurinmu wannan na ƙarshen ya fi sauran amfani, kuma shi ne ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali.

Ga dalili. Hoton Full HD ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, kimanin miliyan 2 ke nan. Na 4K kuwa 3840 ne da 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu. To amma talabijin ba ta ƙirƙirar abin da ba a aiko mata ba. Mafi yawan tashoshin da muke kamawa ta dish da eriya ba su kai 4K ba, da yawansu ko HD ba su kai ba. In ka ɗauko irin wannan hoton ka shimfiɗa shi a inci 65, abin da za ka ƙara gani shi ne lahaninsa. Babbar hanyar samun 4K na gaske ita ce intanet, ita kuma da kuɗinta: Netflix da kansa ya ce kallon 4K na iya cin gigabait 7 a awa guda, HD kuma 3. Fim ɗaya na awa biyu, gigabait 14 sun tafi. Magidancin da ke sayen data ta mako-mako ya lissafa da kansa.

Sai nisa. Mutumin da ke kan kujera mita uku daga talabijin mai inci 43, da wuya idonsa ya bambance 4K da Full HD. Wannan iyakar idon ɗan Adam ce, kuɗi ba ya gyara ta.

Yanzu mu zo kan babbar magana, wato wuta. A takarda wutar Najeriya bolt 230 ce. A unguwanni kuwa kowa ya san yadda take: yau ta zo kamar kyandir, gobe a kawo ta da ƙarfin da zai fasa ƙwan fitila, jibi tiransifoma ta yi ƙara kowa ya ruga cire soket. Ga janareto da ake tayarwa ba a kashe kayan kallo ba. Ga tsawar damina da ke biyo wayar dish ta shiga ta ramin HDMI. Duk waɗannan ba su san sunan kamfani ba. Yadda suke ƙona bod ɗin mai araha haka suke ƙona na mai tsada, sai dai asarar ce ba ɗaya ba. Kuma ka karanta takardar garanti da kyau: galibi ba ta ɗaukar ɓarnar wuta, ba ta ɗaukar fashewar gilashi. Abin mamaki, sai ka ga mutum ya zuba dubban ɗaruruwa a talabijin, amma yana ƙyashin sayen sitabilaiza da ɗan akwatin kariya mai jinkirta wuta in an kawo ta. Wanda ya sayi mai matsakaicin kuɗi ya haɗa mata da waɗannan ya fi shi dabara nesa ba kusa ba.

Masu sola da inbata su ma da nasu lissafin. A bayan kowace talabijin akwai 'yar takarda da aka liƙa mai nuna wat nawa take ja. Juya ta ka duba. Mai inci 32 takan tsaya a wajen wat 50 ko ƙasa, babba mai haske sosai kuwa tana iya haura 150. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, in irin na ruwa ne da ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, abin da zai ba ka bai wuce wat 1,200 na awa guda ba. Raba wannan da 150, ka cire rabon fanka da fitilu, za ka ga dalilin da ya sa inbata ke kuka tun kafin gari ya waye. A nan ne kuma ya kamata a yi hattara da kayan gwanjo. Mu kowace shafaffiyar talabijin filasma muke ce mata, amma filasma ta ainihi manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun 2014. In ka ci karo da ita a na hannu, tsohuwa ce, ga nauyi, ga zafi, ga shan wuta.

Ka leƙa rumfar mai gyara ka ga abin da ake kawo masa. Ciwon da ya fi yawa shi ne murya na fita, hoto babu. Zai haska tocilan a jikin gilashin, sai ka hango inuwar mutane na motsi a ciki. Fitilun baya ne suka ƙone. Zai kwance ta, ya ɗaga gilashin a hankali da hannu biyu, ya sauya layukan fitilun, ta tashi. Wannan gyara ne mai sauƙi in kayan suna samuwa, kuma na sanannun kamfanoni irin su LG da Samsung da Hisense da TCL sun fi samuwa. Abin da ke saurin kashe fitilun shi ne barin haske a ƙure dare da rana, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska. Rage hasken tun ranar farko, kyauta ne. Amma in yaro ya jefi gilashin da rimot, magana ta ƙare, domin kuɗin sabon gilashi yakan kusa kamo na sabuwar talabijin. Gidan da ke da ƙananan yara, a kafe ta a bango, sama da inda hannunsu ke kaiwa. Ita kuma OLED, duk da kyanta, tana da nata rauni: tambarin tasha da ya daɗe a kusurwa ɗaya yana iya barin tabo. Mai gidan kallo da ke barin tashar ƙwallo ɗaya tun rana har tsakar dare, ba tasa ba ce.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa ba araha ce abin tsoro ba, jabu ne. Akwai talabijin marar asali da ake liƙa wa sunan babban kamfani, wani lokaci da harafi ɗaya a sauye. Akwai wadda aka gyara aka mayar cikin sabon kwali. Akwai ta ƙaryar inci, kuma wannan tef ɗin tela ya isa ya tona ta: ana auna gilashin ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ban da firam. Inci 32 santimita 81 ne, inci 43 santimita 109, inci 55 kuma kusan 140. Kunna ta ka shiga saiti. Samsung ta gaskiya da Tizen take aiki, LG da webOS, Hisense galibi da VIDAA. In an ce maka Samsung ce ka ga ta buɗe da wata manhajar Android, ajiye musu kayansu. Duba lambar da ke bayanta ta yi daidai da ta kwali. Sa a nuna maka farin hoto zalla da baƙi zalla, don ɗigon da ya mutu ko hasken da ke tsiyaya ta gefe ya bayyana. Sannan rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar talabijin, da katin garanti mai hatimi. Ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ka kai wa ƙara, shaidar ciniki za a fara tambayar ka.

Kalmar "smart" kuma kada ta ruɗe ka. Masu arha da yawa ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, bayan ɗan lokaci YouTube sai ya riƙa tafiyar hawainiya. Maganinsa ɗan akwatin intanet da ake jonawa ta HDMI, ba sabuwar talabijin ba. Murya ma haka. Duk siririyar talabijin lasifikarta ba ta taka kara ta karya ba, ƙaramar sifika ta waje ta wadatar.

To wa ya kamata ya sayi mai tsada? Wanda ke da tsayayyiyar wuta, da intanet marar iyaka, yana kallon finafinai da daddare a falo mai duhu, ko yana buga PlayStation 5 da ke iya fitar da hoto 120 a daƙiƙa. Shi kam zai ga kuɗinsa, kuma ba almubazzaranci ya yi ba. Amma ango mai haɗa kayan kallo, da iyayen da ke jeren ɗakin amarya, da magidancin da kallonsa labarai ne da wasan Hausa ta dikoda, inci 43 zuwa 55 ta sanannen kamfani, daga dilan da ke ba da garanti, ta ishe su har da saura. Kada a ci bashi don a burge 'yan ganin ɗaki. A raba kuɗin gida biyu: kaso mafi tsoka ga talabijin, sauran ga sitabilaiza da akwatin kariya da ƙarfen kafewa, kuma kada a bar shagon sai an kunna ta a gaban mai saye an rubuta masa rasit.