Gulbi Ɗaya, Gonaki Dubu: Yadda Manhajoji Ke Tarayya a Laburare

Duk ɗalibin da ya duba sakamakon jarrabawarsa ta intanet a Birnin Kebbi ko Argungu, wata babbar kwamfuta ce ta amsa masa daga nesa. Ita ake kira uwar garke. Manhajojin da ke cikinta ba kowacce ke ɗauke da dukkan umarnin da take bukata ba. Akwai ayyuka na gama-gari, kamar kulle bayanan sirri, waɗanda aka rubuta sau ɗaya aka adana wuri guda, kowace manhaja tana ɗiba. Wannan ma'ajiya ita masana ke kira laburare.

Misalinsa kamar Gulbin Rima ne da gonakin shinkafar da ke fadamarsa. Ruwa ɗaya suke sha, saboda haka abin da ya gurɓata shi ya shafi kowa. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓaraka a laburaren OpenSSL, wadda aka laƙaba wa suna Heartbleed. Ta hanyarta ɓarayi na iya sace kalmomin sirri daga dubban shafuka, domin duk a wurin suke ɗiba. Amma tarayyar tana da amfaninta: da an sabunta laburaren an sake tayar da manhajojin, dukkansu sun warke lokaci guda.

Sai dai sabuntawar ma tana da nata haɗari. Wata manhaja na iya bukatar tsohon bugu, wata kuma sabo. A gyara wa wannan, waccan ta tsaya cik. Ko ɓacewar ƙaramin abu kan jawo ɓarna. A watan Maris na 2016 wani marubucin manhaja ya janye left-pad, laburare mai layi 11 kacal, sai haɗa dubban manhajoji ya gagara.

Don haka masu kula da uwar garke ke bin ƙa'idoji huɗu. Suna rubuta kowane laburare da lambar bugunsa. Suna gwada sabon bugu a wata kwamfuta dabam tukuna, kamar yadda manomi ke gwada sabon iri a ɗan fegi kafin ya cika gona. Suna ajiye tsohon bugu don komawa gare shi in an sami tangarɗa. Manhajojin da bukatunsu suka saɓa kuwa, sai a keɓe wa kowacce nata, da kayan aiki irin su Docker.

Ɗalibin da zai riƙe irin wannan aiki gobe ya fara da tambaya ɗaya kafin ya taɓa komai: su wa ke shan wannan ruwa?