Saƙon Waya Domin Rigakafin Yaranmu

Ana yi wa jariri rigakafi ranar haihuwa, sai sati 6, 10 da 14, sannan allurar ƙyanda a wata 9 da 15. Da damina aikin gona yakan sa a manta ranar awo. Shi ya sa ma'aikatan asibiti suke karɓar lambar waya. In ranar ta wuce ba a kawo yaro ba, sai su turo saƙo. Sau da yawa wayar tana hannun maigida, saboda haka maza, ku gaya wa matanku. Ko an makara, ba a komawa farko, ana ci gaba daga inda aka tsaya. Ku zo da katin yaron. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu.