Tsohuwa mai saƙa da gawar Kanar

A shekarar 1930 Agatha Christie ta kashe wani Kanar Protheroe da alƙalaminta, ta bar gawarsa a ɗakin karatun limamin cocin St Mary Mead, ƙauyen da babu shi a taswirar Ingila. 'Yan sanda suka zo da tambayoyinsu suka yi ta lalube. Wadda ta gano mai laifin wata tsohuwa ce maƙwabciyar limamin, Miss Marple, da ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma da aikin da ya wuce saƙa, gyaran lambu da leƙen masu wucewa. Littattafan dogon labari 12 aka yi da ita, na ƙarshe ya fito a 1976, shekarar da marubuciyar ta rasu.

Irin wannan labari yana da tsarinsa. Ba a nuna jini, ba a tsere da mota. Waɗanda ake zargi ba su da yawa, kuma kowa ya san kowa: likita, lauya, mai aikin gida, ɗan'uwan da bashi ya yi wa katutu. Ana zuba wa mai karatu duk alamun da mai bincike ya gani, don in ya kasa ganowa ya zargi kansa. Guba ta fi bindiga kasuwa a wurin Christie, kuma da dalili, domin ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a Torquay lokacin yaƙin duniya na ɗaya.

Wanda ya yi boko da Faransanci a Garwa zai fi saurin cin karo da Christie a cikin jerin Le Masque masu bangon ruwan ɗorawa, wanda Albert Pigasse ya buɗe a 1927 da littafinta na kisan Roger Ackroyd. Shirin talabijin mai irin wannan salo, Midsomer Murders, da aka fara a 1997, shi ne Inspecteur Barnaby a tashoshin Faransa.

Dabarar Miss Marple ba za ta ba wa mutumin unguwar Poumpoumré ta Garwa mamaki ba. Duk wanda ta gani sai ta tuna wani mai irin halinsa a ƙauyensu, daga nan ta auna abin da zai iya aikatawa. A unguwa irin wannan ba a rasa tsohuwar da ta san wanda ya sayar da fili a ɓoye, da wadda ta yi yaji sau biyu, da ɗan acaɓan da ya sauke baƙo bayan isha'i. Abin da mai shayi da dillaliya suke ji a wuni guda, jandarma zai yi wata bai ji rabinsa ba.

Sai dai marubucin da ya ce zai ɗauko labarin ya dasa a bakin kogin Binuwai zai ci karo da katanga biyu, kuma nan ne abin yake da daɗi. Ta farko gado. A littattafan Ingila attajiri kan kira lauya ya ce gobe zai sauya wasiyya ya cire wane, kafin gari ya waye sai a tarar da shi ya sanƙare. A gidan Musulmi wannan dalili ba ya tsayawa da ƙafarsa: kason kowane magaji a ƙayyade yake, wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga mai gado. Dole marubuci ya nemi wani abin, ko takardar fili, ko amanar marayu, ko kishi tsakanin ɗakuna.

Ta biyu jana'iza. Likitan Christie yana da kwanaki yana duba gawa, kotun binciken mutuwa ta zauna ta saurari shaidu. Nan kuwa wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwanci, kuma duk wanda ya ɗaga murya a zaman makoki za a ce masa kwana ne ya ƙare. Mai binciken da zai yi aiki a nan, watakila mai wankan gawa ce da ta ga abin da bai kwanta mata ba, ga shi kuma al'ada ta hana ta faɗin abin da ta gani.

Marubutan Hausa sun daɗe da taɓa laifi, amma ta wata ƙofar. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, sun bi mai laifin ne suna kallon yadda ya lalace. Ba a ɓoye shi a sa mai karatu nema ba. Wanda ya gwada wannan salo mai sanyi a Afirka ya kuma ci kasuwa shi ne Alexander McCall Smith, da Mma Ramotswe ta Gaborone a 1998. Shi ma sai da ya rage gawarwaki, ya cika ofishinta da matan da mazajensu suka ɓata, da wani mayaudari da ya tare a gidan wata yana cewa shi ne ubanta.